Kwalbar Ruwa Zalla

Litinin, da hantsi

An yi ruwa jiya da yamma, matsakaici. Na duba ma'aunin ruwan sama, sannan na duba daron awo, wato faffaɗan daron ƙarfen nan da ke tsakar gida, wanda nake cikawa da ruwa mai tsabta domin in san abin da rana ke sha a kowane wuni. Na ƙara masa ruwa zuwa bakin alama. Na daɗe da yin ritaya daga aikin hasashen yanayi, amma ban ga dalilin da sama za ta rasa mai lura da ita don kawai an daina biyana ba.

Uwargida ta tashi da zazzaɓi da ciwon kai. Ta ce bayan idanunta ne ke yi mata zugi, kamar ana danna su daga ciki. Da na ɗauko ma'aunin zafi sai ta ce, "Malam, ni ba hadari ba ce, ka bar auna ni." Duk da haka ta ɗaga hammata. Zafin ya yi yawa.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. Matar bakanike tana kwance, mai shagon bakin layi ma ɗansa ne ke buɗe masa. Kowa yana cewa maleriya ce, tun da damina ce.

Litinin, da yamma

Auta ta biyo daga wurin aiki. Ita ce ƙaramar 'yarmu, tana shugabantar wani ɗakin gwaje-gwaje a cibiyar bincike, inda suke gano ƙwayoyin cutar da sauro ke yawo da su. Ba likitar asibiti ba ce, kuma takan gyara wa duk wanda ya kira ta haka.

Ta duba hannuwan mahaifiyarta, ta danna fata ta saki, ta tambayi abin da aka sha. Sannan ta buɗe aljihun teburina na magunguna, ba tare da neman izini ba, ta ware farasitamol gefe guda.

"Baba, wannan kaɗai. Duk wani maganin ciwo mai ƙarfi, irin na gaɓɓai, kada a ba ta sai mun san sunan abin."

Na ce ai sunansa a bakin kowa yake. Ta ce bakin kowa ba gwaji ba ne.

Bayan ta tafi na duba aljihun. Ta mayar da kowane kwali inda ta same shi, rubutunsa yana kallon sama.

Talata, da azahar

An gwada jini a asibiti, ba a ga maleriya ba. Duk da haka an rubuta maganin maleriya, wai ko da. Na tambayi mai bayar da magani amfanin gwajin da ba za a bi maganarsa ba. Ta ce, "Baba, akwai mutane a bayanka."

Da izinin likita, kuma da sa hannun Uwargida, Auta ta ɗebi jini a 'yar kwalba, ta sa a kula mai ƙanƙara. Ta ce suna tara irinsa daga unguwanni tun makon jiya. A mota na nemi ta yi mini bayani dalla-dalla, ba irin bayanin da ake yi wa tsofaffi ba.

Ta ce, "Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da rubutunta a cikinta, Baba. Dogon layi ne, haruffa huɗu kacal suna ta maimaituwa. Mukan ciro rubutun daga jini, na'ura ta karanta, sai mu gwada shi da na cututtukan da aka riga aka sani. Kamar yadda kake gane rubutun hannun mutum ko bai sa suna ba."

Ta ƙara da cewa duk lokacin da ƙwayar ta haihu takan kwafi rubutun, wani lokaci da ɗan kuskure, kuma 'ya'yanta su gaji kuskuren. Da waɗannan kurakuran ake gane dangi, a san wannan daga ina ta biyo.

Na daɗe ina juya wannan magana. Na ƙare rayuwata ina farautar kuskure domin in kashe shi, ga 'yata tana farautarsa domin ta tambaye shi hanya.

Laraba, da safe

An kwantar da Uwargida a asibiti.

Laraba, da la'asar

Gadonta yana kusa da taga. Fankar ɗakin tana da wani ƙara a kowane zagaye, sandar ƙarin ruwa kuma ƙafarta ɗaya ba ta taɓa ƙasa, na naɗe takarda na tokare ta. Ciwon ya sauka a gaɓɓai. Matar da ta haihu ba a ji muryarta a waje ba, yau idan zani ya taɓa gwiwarta sai ta yi ƙara.

Ƙanwata, wadda yara ke kira Gwaggo, ta zo da tabarma da fulas, ta ce ita za ta riƙa kwana. Na gode mata, ko da yake ta ajiye takalminta a kan hanya.

Likitan ɗakin matashi ne mai natsuwa. Ya ce yana zargin abu biyu, cikungunya ko dengi, duka sauro ke kawo su, kuma da farko kamarsu ɗaya. Asibitin ba shi da abin gwada su. Idan cikungunya ce, wahala ce a gaɓɓai amma ba kasafai take kisa ba, kuma zai ba da maganin ciwo mai ƙarfi ta samu barci. Idan dengi ce, wannan maganin yana iya sa jini ya ɓalle, a kasa tsayar da shi. Saboda haka zai jira maganar ɗakin gwaji.

Gwaggo ta ce, "Wato 'yarta ce ke riƙe da maganin."

Ban ji daɗin yadda ta faɗa ba, amma ban sami inda zan gyara ba.

Alhamis, da hantsi

Yayyafi. Bai kai a rubuta ba.

Na kai wa Auta shayi da burodi wurin aiki, domin na san ba ta karya ba. Ban taɓa wuce ƙofar ba sai yau. Wani abokin aikinta da suke kira Dogo, magidanci mai furfura a gemu, shi ya tsaya da ni a bayan gilashi yana nuna mini.

Ɗakuna uku ne a jere. A na farko ake haɗa ruwan gwaji, a na biyu ake buɗe jini, a na uku na'urar karatu take. Wanda ya shiga na uku ba ya komawa na farko a ranar, ko da ya manta wayarsa a can. Kowane ɗaki da rigarsa, da safar hannunsa, har da alƙalaminsa. Na ce wa Dogo wannan ita ce doka mafi kyau da na ji a shekarun nan. Ya yi dariya ya ce, "Baba, mu da muke ƙarƙashinta ba haka muke kiranta ba."

Na hango Auta. Tana ɗiga ruwa a ƙananan kwalabe da wani abu mai kama da alƙalami, tana sauya bakinsa bayan kowane ɗigo. Gwiwar hannunta a kan tebur, numfashinta a hankali. Ba ta ɗago ba. Na tuna tana ƙarama, tana tsaye a kan bulo tana karanta mini ma'aunin ruwa, idonta daidai da layin, kamar yadda na koya mata. Na'urar da ake ta magana kuwa ba ta fi akwatin tabarau ba. Na yi tsammanin za ta cika ɗaki.

Da zan tafi Dogo ya raka ni, ya rage murya ya ce, "Bai kamata in faɗa ba, amma karatu ya fara fitowa. Na Mama cikungunya yake nunawa. A kwantar da hankali."

Na sauko daga bene kamar saurayi.

Alhamis, da yamma

Ban san yadda zan tsara wannan ba, saboda haka zan rubuta shi yadda ya faru.

Na sanar da Gwaggo, Gwaggo ta sanar da Uwargida, aka yi ta hamdala. Da la'asar Auta ta iso. Na tare ta a baranda.

Na ce, "Dogo ya ce an samu suna."

"Dogo ya yi gaggawa, Baba."

"An samu ko ba a samu ba?"

"Na'ura ta ce cikungunya a jinin Mama. Ta kuma ce cikungunya a kwalbar ruwa."

Ta yi mini bayani. A duk gwajin da suke yi sukan jera kwalba ɗaya da ba a sa jinin kowa a ciki ba, ruwa zalla, ta bi duk matakan da sauran suka bi. Aikinta ta fito babu komai. Idan ta fito da wani abu, to wani abu ya faɗa cikin gwajin daga waje, kuma ba a san a kwalba nawa ya faɗa ba. Makon jiya sun karanta jinin wani mai cikungunya da aka aiko daga nesa. Ɓurɓushinsa da ido ba ya gani ya isa. Ta zubar da gwajin gaba ɗaya, na mutum goma sha wani abu, har da na mahaifiyarta. Sun wanke ɗakunan, za su buɗe sababbin kayan haɗi, su fara daga farko. Sai Asabar.

Na ce, "Ba mai yiwuwa ba ne ruwan ne kaɗai ya gurɓata, na mahaifiyarki kuma gaskiya ne?"

"Mai yiwuwa ne."

"To?"

"To ban sani ba. Baba, da ma'auninka ya nuna ruwa ranar da ko yayyafi ba a yi ba, za ka aika da lissafin watan?"

Daga cikin ɗaki muna jin muryar Uwargida, ana juya ta. Auta ta ji. Ba ta sauya magana ba.

Ba zan aika ba. Ta san ba zan aika ba. Amma lissafin wata ba ya kuka.

Juma'a, da safe

Uwargida ba ta yi barci ba, in ji Gwaggo.

Gwaggo ta ce, a gaban ma'aikaciyar jinya, "Yaya, boko ya yi muku yawa a gidan nan. Uwa tana kuka, 'ya tana can tana wanke kwalba. An ce ga sunan ciwo, ga maganinsa a kowane kanti, sai a tsaya ana tambayar ruwa ra'ayinsa? Kai ka koya mata wannan taurin kai, da daronka da komai."

Na ce a yi magana a hankali, asibiti ne.

Na biya ta kantin magani a hanyar komawa gida, na sayi kwalin maganin gaɓɓai. Ba ni da abin cewa a kan wannan.

Juma'a, da la'asar

Gwaggo ta fita neman ruwan zafi. Muka rage mu biyu, da fankar nan.

Ta kira ni da sunan da ba ta kira ni da shi ba tun muna gidan haya. Ta ce ƙasusuwanta ne ake karyawa ɗaya bayan ɗaya. Na lissafa a raina yadda na saba lissafin hadari: na'ura ta ce kaza, likita ya ce ɗaya cikin biyu ne, ciwon a gaɓɓai yake. Duk alamu sun karkata gefe guda. Na yi shekaru ina cewa gobe za a yi ruwa da hujjar da ba ta kai wannan ba.

Na zuba ruwa a kofi. Na sa hannu a aljihu na ciro kwalin.

Ta buɗe ido ta kalli hannuna. Ta ce, "Auta ce ta aiko?"

Na dubi kwalin da ke hannuna.

Ta ce, "To mayar." Ta juya fuska wajen bango, da kyar, tana cije leɓe. Can sai ta ce, "Ni na haife ta, Malam. Yarinyar nan ba ta iya faɗin abin da ba ta gani ba, ko don a ji daɗi. Wajenka ta ɗauko. Kada ka lalace da tsufa."

Na shanye ruwan da kaina.

Juma'a, bayan magariba

Kwalin yana nan yadda aka sayar da shi.

Asabar, da hantsi

Zazzaɓi ya sauka! Jikinta ya yi sanyi, ta yi gumi, har ta tambaya ko an ba kajinta ruwa. Gwaggo ta fara naɗe tabarma tana cewa, "Ka gani? Ciwo ya gaji da jiran 'yarka, ya tafi abinsa." Na yi dariya, karo na farko a makon nan. Na je in tambayi yadda ake sallama.

Asabar, da azahar

Ba a sallame ta ba.

Auta ta shigo da rigar jiya a jikinta, idanunta sun yi ja. Ba ta tsaya gaisuwa ba sai da ta nemo likita. Na bi su, ban jira a gayyace ni ba.

Ta ce, "Kwalbar ruwa ta fito fes. Na Mama dengi ce. Babu ɗigon cikungunya a ciki. Yawancin na unguwar ma dengi ne."

Likita ya tambaya ko ta tabbata. Ta buɗe kwamfuta ta nuna masa. Na leƙa ta kafaɗarsa: dogayen layuka na haruffa masu launi huɗu, na Uwargida a sama, na wata dengi da aka sani a ƙasa, suna tafiya tare kamar layin dogo, sai nan da can harafi guda ya bambanta. A ƙarƙashinsu akwai layi ɗaya fari, babu komai. Na nuna shi da yatsa. Auta ta ce, "Kwalbar ruwa ce, Baba." Ban taɓa ganin fanko mai kyau irin wannan ba.

Likita ya ce a kwance kaya. A dengi, in ji shi, saukar zazzaɓi ba sauƙi ba ne, a nan ne hatsarin ke farawa: jijiyoyi kan yi yoyo, abin da ke sa jini ya daskare kuma ya ragu. Za su riƙa auna jininta, su lissafa ruwan da ke shiga da wanda ke fita. Yana rubutu yana magana, ya ce, "An yi sa'a ba a ba ta maganin gaɓɓai ba. Wasu tun a gida suke sha, su zo mana jini yana zuba."

Akwai zafi a ɗakin. Na nemi kujera.

Gwaggo ta sake shimfiɗa tabarmarta. Da Auta za ta fita sai ta riƙo hannunta ta ce, "Ke, 'yar nan, zauna ki ci wani abu kafin ki faɗi, mu samu marasa lafiya biyu."

Kafin yamma na ga likita yana bin gado-gado, yana tambayar abin da kowa ke sha, yana karɓe wasu kwalaye.

Lahadi, da safe

Dasashinta yana jini. Akwai ɗige-ɗige ja a ƙafafunta.

Lahadi, da la'asar

An auna. Abin da ke sa jini ya daskare ya ragu. An sake aunawa.

Na roƙi a bar ni in riƙa rubuta ruwan da take sha, domin na lura ma'aikaciyar jinya tana cika lissafi da ido. Ta ba ni kofi mai layi ta ce, "Ga shi, Baba, ka samu aiki." Ina tsugunawa idona ya yi daidai da layin.

Litinin

Ban duba ma'auni ba. An ce an yi ruwa.

Litinin, da yamma

Na je gida ɗauko kaya. An jera kujerun zaman makoki a ƙofar gidan mai shago. Na zauna, na yi abin da ake yi, na tashi. Mutum ne da bai taɓa ba ni kyandir karyayye ba.

Ban faɗa mata ba.

Talata, da hantsi

Bai ƙara raguwa ba, in ji likita. Bai ce ya ƙaru ba. Na lura da kalmar da ya zaɓa, na kuma gode masa da bai ƙara mata gishiri ba.

Auta takan zo, ta zauna a bakin gado, ta riƙe ƙafar mahaifiyarta, ta koma. Ba ta taɓa cewa "ai na faɗa" ba, ko ga Gwaggo. Dogo ya zo dubiya, ya durƙusa har ƙasa yana ba ni haƙuri a kan maganar da ya yi mini. Na ce ya tashi, niyyarsa alheri ce. Ya ce sun gano inda ɓurɓushin ya shiga, wata kwalbar ruwan haɗi ce da aka buɗe a makon da wancan jinin ya zo. Ya ce da Auta ta bar gwajin farko ya fita, da takarda ta tafi ga asibitoci cewa cikungunya ce a gari.

Na tambaye shi ko ta yi jinkiri kafin ta zubar. Ya ce ta shiga banɗaki ta daɗe, ta fito ta wanke fuska, ta ce a kawo bokitin shara.

Laraba, da safe

Uwargida ta nemi shayi. Ta kurɓa ta ce, "Wa ya haɗa wannan? Sukarin ma auna shi aka yi?"

Ni na haɗa. Na fita baranda na ɗan tsaya. Akwai hadari a gabas, irin mai tsayi, fari a sama. Na daɗe ina kallonsa, saboda dalilai na sana'a.

Juma'a, da azahar

Mun dawo gida. Tana tafiya tana dafa bango, tafin hannunta yana ƙaiƙayi, likita ya ce alamar warkewa ce. Gwaggo ta tafi. A bakin ƙofa ta ce, "Yaya, ka ce wa 'yarka na janye rabin maganata." Na tambayi wane rabin. Ta ce in auna.

Matar bakanike ma ta tashi.

Litinin, da hantsi

Dogo da mutanensa sun zo layinmu da tarkuna, suna bi gida-gida. Ya kama sauro ɗaya a bututun gilashi ya nuna mini. Baƙi ne, da zane fari a ƙafafu, kamar ya sa safa. Ya ce ba irin na maleriya ba ne. Wannan da rana yake cizo, safe da yamma, lokacin da gidan sauro ke naɗe. Kuma ba ya son kwata. Ruwa mai tsabta yake so, wanda ke zaune a mazubi, yana manna ƙwansa a jikin bango daidai bakin ruwa. Za su daskarar da waɗanda suka kama, su niƙa, su karanta abin da ke cikinsu.

Yana magana yana tafiya, har ya iso tsakar gida. Ya tsaya a kan daron awo. Ya sa ludayi ya ɗebo, ya ɗaga wa haske. Ban buƙaci tabarau ba. Suna ta wutsil-wutsil.

Ya juye a kwalba ya rubuta lamba. Mutumin kirki ne.

Kujerar Uwargida ta tsintar shinkafa tana nan inda take kullum, a inuwa, kusa da daron.

Litinin, da la'asar

Na kwashe ruwan. Na goge bangon da buroshi. Na kife shi.

Alhamis, da yamma

Auta ta zo, ta yi barci a kujera kafin a kawo abinci. Da ta farka na tambaye ta sakamakon sauro. Ta ce an samu dengi a cikinsu, kuma rubutunta ɗaya ne da na jinin mutanen layin, har da kurakuran. Dangi ne da ba a taɓa rubuta shi a yankin nan ba. 'Yan'uwansa mafi kusa an gan su ne a wata tashar jiragen ruwa mai nisa. Sun aika wa hukumar lafiya, an fara sanar da asibitoci, za a kawo abin gwaji na gaggawa.

Na jira mahaifiyarta ta shiga ɗaki. Na ce, "Ina da tambaya, kuma ina son amsa irin taki. Daga darona ne?"

Ta dube ni sosai. Ta ce, "Akwai tsutsa a daronka. Akwai a tayoyin bakanike, akwai a tukwanen furen maƙwabta, akwai a tankin bayan shago. Wanda ya ciji Mama bai bar adireshi ba."

"Amma mai yiwuwa ne."

"Mai yiwuwa ne. Ban sani ba, Baba. Kai ma ba ka sani ba, kuma ba za ka rubuta abin da ba ka sani ba."

Da wani ne ya faɗa, da na ce lallashi ne. Amma na ga abin da yarinyar nan ta zubar a bokiti don kada ta faɗi abin da ba ta sani ba. Saboda haka na karɓa, daidai yadda ta ba ni, ban ƙara ba, ban rage ba.

Da za ta tafi na ba ta kwalin nan, na ce ta kai inda ake zubar da irinsa. Ta juya shi, ta ga ba a ɓalle ko ɗaya ba, ta dubi ƙofar ɗakin mahaifiyarta, ta dube ni. Ta sa a jaka. Ta ce, "Sai da safe, Baba." Ba ta tambaya ba, tun da babu gwajin da zai nuna.

Asabar, da hantsi

Uwargida ta fito tsakar gida da ƙafarta, ta zauna a kujerarta. Ta daɗe tana kallon daron a kife.

Ta ce, "Yanzu wa zai gaya mana abin da rana ta sha?"

Na ce rana za ta ci gaba da sha ba tare da shaida ba.

Ta ce, "To kada a bar ƙarfe mai kyau ya yi tsatsa a banza. Ka cika mini shi da ƙasa in shuka barkono. Amma sai ka huda gindinsa, Malam, kada ruwa ya kwanta."

Tun da na karɓi daron nan nake tsaronsa daga yoyo. Duk shekara nakan shafe gindinsa da fenti, in bi shi da yatsa ina neman tsaga. Na ɗauko guduma da babbar ƙusa. Na fara zana inda ramukan za su zauna, tazara daidai, sai ta ce, "Malam, barkono ne, ba jarrabawa ba." Na ce ko barkono yana da haƙƙi. Ta yi dariya har ta riƙe haƙarƙari, na ce ta bi a hankali.

Bugun farko ne mai wuya.

Lahadi, da safe

An yi ruwa mai yawa kafin gari ya waye. Na duba ma'auni, na rubuta, na zubar da abin da ke ciki nan take, na goge shi ya bushe.

Daron bai riƙe ko ɗigo ba. Duk ya bi ta ƙasa ya tafi. Ta aiko in duba mata ko irin ya motsa, na ce jiya-jiya aka shuka. Ta ce in duba dai.

Na tsuguna, idona daidai da bakin ƙasa. Babu komai tukuna, kuma haka na faɗa mata.